Akwatin da ke Ɗakin Tsakiya

Litinin, 14 ga Yuli, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Na koma makaranta yau. Hutuna na haihuwa bai ƙare ba, da sauran wata guda, amma na gaji da kallon bangon gidan nan. Farouk, maigidana, ya sauke ni a bakin ƙofa kafin ya wuce ma'aikatarsu. Abin da ya ce kawai, "Malama, in kin gaji ki kira ni."

Madam Patricia, shugabar makarantarmu, ta hango ni daga ofis ta fito da sauri, biro a baki. "Nazeefa! Wane ne ya ce ka dawo? Jikinka ya yi ƙarfi?" Shekararta ashirin a Abuja, har yau kowa namiji ne a bakinta. Na ce lafiya lau. Ta riƙe hannuna ta daɗe, sannan ta ce in je, yarana suna jira.

'Yan aji biyu nawa, su arba'in da bakwai, suka miƙe suka gaishe ni da ƙarfi har tagogi suka amsa. Sumayyah, mai wushiryar nan ta layin gaba, ta kalle ni daga sama har ƙasa ta ce, "Anti, cikinki ya tafi."

Na ce kowa ya buɗe shafi na goma sha biyu.

Da na dawo gida na ga wasiƙa a waya daga jami'ar nan ta China, mai horar da malamai, wadda ta ba ni gurbin digiri na biyu bara, na roƙe su su ɗaga mini zuwa bana. Na gaya musu dalili a lokacin. Da murna na rubuta shi.

Ban buɗe wasiƙar ba.

Talata, 15 ga Yuli, ƙarfe bakwai saura na safe

Gajimare ya sauko ya zauna a kan dutsen bayan gidanmu, duk unguwarmu, Dutse Alhaji, ta yi kamar ba a gama zana ta ba. Na tsaya kallo har shayina ya huce.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan la'asar

Na karanta.

Mutanen kirki ne, wannan shi ne abin haushin. Matar ofishin ɗalibai ta fara da taya ni murna. Ta ce sun ajiye mini ɗakin masu iyali a hawa na ƙasa don kada in sha wahalar bene, kuma gidan renon jami'a yana nan kusa, taku kaɗan ne. Ta ce tagar tana kallon tafki. In ba su amsa kafin ɗaya ga Agusta.

Na kife wayar a kan kujera na je na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Bara na haddace hotunan wurin nan kamar karatun allo. Akwai titi mai bishiyoyi masu ganye ruwan ɗorawa, kekuna jere a gindinsu. Akwai wani aji da aka yi wa bango ɗaya da gilashi: yara suna ciki da malaminsu, ɗalibai suna zaune a waje suna kallon yadda ake koyarwa, yaran ba sa ganin kowa. Nakan ga kaina a bayan gilashin nan da littafi a cinya, ina kallon yadda yaro ke gane harafi, daidai lokacin da fuskarsa ke buɗewa. Shekara tara ina koyarwa, ban taɓa samun sukunin tsayawa in kalli wannan ba. Kullum ina raba faɗa ko neman alli.

Yau na rufe ido na nemi ajin. Na same shi, sai dai ni ce a ciki, mutane suna kallona ta gilashi, ni ba na ganinsu.

Asabar, 19 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Farouk ya ce in raka shi Kado sayen kifi. Na san ba kifin ne ya dame shi ba, so yake iska ta buge ni. Muka tsaya gaban wata mata mai tarwaɗa a babban baho, suna ta zagaye a ruwan, ina kallonsu har na manta inda nake.

A mota ya ce, "Na ga wasiƙar. Sun turo mini ni ma, tunda sunana kika sa a fom."

Na juya fuskata wajen taga.

"Ki je, Malama."

"So kake in tafi?"

"So nake ki so wani abu. Ko mene ne. Wata uku ke nan ko gishiri ba ki ce ya yi yawa a miya ba."

Na ce, "To, na ji. Na yi maka nauyi a gida."

Ya taka birki a gefen titi, wani mai tasi ya zage mu ya wuce. Ya kalle ni kamar zai yi magana mai tsawo, sai ya ce, "Allah ya huci zuciyarki," ya tayar da mota. Har gida ledar kifin tana motsi a bayanmu.

Na san ba haka yake nufi ba. Na sani tun kafin in faɗa.

Litinin, 21 ga Yuli, bayan azahar

Babban akwatina yana ɗakin tsakiya. Ban buɗe ɗakin ba.

Talata, 22 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Na sake kunna darasin harshensu da na bari a waya tun bara. Muryar matar tana nan yadda na bar ta, mai sanyi, ba ta tambaye ni ina na shiga ba. Harshensu yana hawa yana sauka kamar namu, kalma ɗaya ka ja ta sama ta zama wani abu, ka sauke ta ta zama wani. Na koyi ruwa, na koyi littafi, na koyi na gode. Na faɗa wa tukunya na gode, na faɗa wa ƙadangaren kan katanga.

Darasi na huɗu na iyali ne. Kalmar farko irin tamu ce sak, wadda kowane yaro a duniya yake fara faɗa.

Na tsallake zuwa na biyar. Sunayen 'ya'yan itatuwa.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan magariba

Umma ta kira daga Zariya. Farouk ne ya gaya mata, yana neman mai taya shi, bai san ya ɗebo ruwan dafa kansa ba.

"Wace irin tafiya kuma? Shekara biyu? Nazeefa, mace ba ta barin ɗakinta a irin wannan lokaci. Ki zauna kusa da mijinki. Shekara shida kuka jira Allah ya ba ku, wanda ya ba ku bai gaji ba. Zai kawo wani."

Wani. Kowa wani yake ce mini, kamar kofi ne ya fashe.

Na ce, "To, Umma." Ta ce in dinga shan kunun kanwa. Na ce to. Ta ce ina jin ta kuwa? Na ce ina ji. Ruwa ya sauko a kan kwano da ƙarfi, na ce ba na jin ta sosai, muka yi sallama.

Juma'a, 25 ga Yuli, ƙarfe ɗaya na rana

An yi hutun ƙarshen shekara. Yara sun watse da katin sakamako a hannu, wasu suna kaɗa shi, wasu sun cusa a wando. Cikin arba'in da bakwai ɗina, goma sha tara ne suke iya karanta jimla su gane ta. Sauran suna rera ta ne kawai kamar waƙa.

Madam Patricia ta kira ni ofis, ta rufe ƙofa, ta tura mini takardar izinin tafiya karatu. Ta riga ta sa hannu.

Na ce ban yanke shawara ba.

Ta ce, "Na sani. Ka ajiye." Ta cire tabarau ta goge da bakin zani. "Nawa namiji ne. A Kafanchan, kafin in zo nan. Kwana biyu ya yi. Da yanzu yana da gemu, yana damuna da maganar aure." Ta yi 'yar dariya. "Ba ya wucewa, my dear. Kar kowa ya yi maka ƙarya. Amma yana koyon zama a gefe, ya bar maka wurin aiki."

Ban taɓa sani ba. Shekara tara muna cin gyaɗa a faranti ɗaya.

Sai ta koma shugaba. "Wannan abin da kake yi, kana fara musu da Hausa da Gbagyi kafin Turanci, ni na ga yana aiki. Amma in na faɗa a taro, suna cewa ina takarda? Ka je ka kawo mana takarda. Ka koyo yadda ake yi da kyau, ka dawo ka koya ma sauran."

Na sa takardar a jaka. Tana nan tsakanin rajista da ledar alli.

Lahadi, 27 ga Yuli, bayan asuba

Na yi mafarki ina tuƙa keke a titin nan mai ganye ruwan ɗorawa, ni da ban iya keke ba. Akwai 'yar kujera a baya. Ina jin nauyi kaɗan a kanta, daidai yadda ya kamata, ina jin ɗumi a gadon bayana. Na san in na waiwaya zan farka, don haka na yi ta tuƙi, na zagaye tafkin sau uku, ruwan yana kwance kamar faranti.

Ladan ne ya tashe ni. Ban waiwaya ba, duk da haka.

Talata, 29 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Jar laka a takalmin Farouk kuma. Daga masallaci zuwa nan duk siminti ne. Na wanke na jingina a rana. Ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. Mun zama kamar baƙi biyu masu ladabi a ɗakin jiran likita.

Ban buɗe ɗakin ba.

Alhamis, 31 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

Tun safe nake rubuta amsa. Na rubuta doguwa na goge. Na rubuta wadda ta fara da "Ina baƙin cikin sanar da ku," na kai kalma ta bakwai hannuna ya ƙi. Na rubuta cewa ba zan zo ba, na gode, na zauna ina kallonta. Sai na tuna ranar da aka sallame ni daga asibiti, na koma gida ni kaɗai a kujerar baya.

Na tashi na yi alwala, na yi raka'a biyu, na dawo.

Abin da na tura: "Zan zo. Ɗakin mutum ɗaya ya ishe ni."

Na fita tsakar gida. Maƙwabciya tana shanya, rediyonta yana magana, wani mai keke yana ta hon a layi. Ba abin da ya canja. Na ɗauka ƙasa za ta ɗan motsa.

Juma'a, 1 ga Agusta, bayan azahar

Matar ofishin ta amsa. Layi biyu. Ɗaki a hawa na huɗu, shi ma tagarsa tana kallon tafki, ta duba da kanta. Ba ta tambayi komai ba. Allah ya saka mata, ko wace ce.

Na nuna wa Farouk. Ya karanta, ya ce alhamdulillahi, ya shiga wanka ya daɗe ƙwarai.

Talata, 5 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Gwajin lafiya na biza. Na ce wa Farouk kowane asibiti ban da wancan, ya kai ni wani a Garki. Jini, hoton ƙirji, awon ido. Nas ɗin yarinya ce mai fara'a, tana ta hira. Ta ɗaga rigata ta ga ɗinkin tiyatar haihuwa.

"Ah, sabo ne. Yaushe?"

"Afrilu."

"Masha Allah. Wa za ki bar wa in kin tafi?"

Akwai kalanda a bangon, hoton wani kogi da kwalekwale babu kowa a ciki. Na shiga kwalekwalen na zauna. Da na dawo ta daina hira, tana cika takarda a hankali, ta ce lafiyata ƙalau.

Talata, 12 ga Agusta, bayan magariba

Farouk ya ce zai koyi girki kafin in tafi. Yau shinkafa. Ƙasa ta ƙone, sama ba ta nuna ba, tsakiya kuma kunu. Ya zuba mini yana jiran hukunci kamar ɗan aji biyu.

Na ce, "Yallaɓai, gishiri ya yi yawa."

Ya ajiye cokali ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni ma na ji tawa ta fito, wata iri, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Muka ci burodi da shayi.

Saura kwana goma sha takwas. Ba ni da wani akwatin.

Asabar, 16 ga Agusta, bayan la'asar

Na buɗe.

Ɗakin yana warin rufi da hoda. Labulen da na ɗinka mai 'yan taurari yana nan. Akwatin yana tsakiyar ɗaki inda aka ajiye shi ranar da aka dawo da kaya daga asibiti. Bara na saye shi a kasuwar Wuse don tafiya China, mafi girma a shagon. Da tafiya ta fasu na ce ba zai zauna banza ba, na fara cika shi da wasu kayan, kaɗan-kaɗan, duk ƙarshen wata.

Na zauna a ƙasa na zuge shi. Na fito da su ɗaya bayan ɗaya ina shimfiɗawa a cinya. Huluna kamar na 'yar tsana. Zannuwan goyo huɗu da Umma ta aiko. Safa da ba ta kai babban yatsana ba. Riga mai ruwan hoda ta ranar suna, da ledarta.

Ban san lokacin da Farouk ya shigo ba. Ya zauna a bakin ƙofa, bai taɓa komai ba. Can ya ce, "In kina so a bayar..."

Na ce a'a. Ya ce to. Ya tashi ya kwashe takardunsa daga durowar ƙasa ta kabad, ya goge ta da hannun rigarsa. Ina ninkewa ina miƙa masa yana jerawa. Bai iya jeri ba, na bar shi.

Da akwatin ya zama fanko na ce, "Ina kake samo jar laka?"

Ya tura durowar ya rufe. "Ruwan bana yana da yawa. Ƙasar tana zaftarewa, wurin kuma ƙarami ne, in ba a kula ba sai ya ɓace. Nakan je bayan asuba in gyara."

Ina gadon asibiti aka kai jaririyarmu makwancinta. Ban taɓa tambayar ina ba. Wata huɗu yana zuwa shi kaɗai da 'yar shebur a but ɗin mota, ya dawo ya sa rigar ofis, ya tambaye ni ko na yi barci.

Na ce, "Kai ni."

"Malama, kin san mata ba sa shiga."

"Kai ni bakin katanga."

Lahadi, 17 ga Agusta, ƙarfe sha ɗaya na safe

A hanyar Bwari ne, ka sauka daga kwalta ka bi wata 'yar hanya. Katangar gajeriya ce, ta kawo mini ƙirji. Ciyawa ta yi kore shar, tsuntsaye suna ta harkarsu. Ban zaci wurin zai yi kyau haka ba.

Farouk ya shiga. Na bi shi da ido yana ratsawa a hankali, yana kauce wa na mutane, har ya kai gindin wata bishiyar yazawa. Ya tsaya, ya juyo, ya ɗaga mini hannu. Sannan ya nuna ƙasa.

Daga inda nake ba na ganin komai sai shi da bishiyar. Ya isa.

Na yi mata sallama. Na kira ta da sunan da ya raɗa mata a kunne ranar da ta zo, wanda ba a kai ga faɗa wa jama'a ba, don kwana biyar ta yi. Rukayyat. Na faɗa da ƙarfi, sau biyu. Bakina bai taɓa furta shi ba sai yau. Yana da daɗin faɗa.

Na gaya mata zan yi tafiya. Na gaya mata akwai tafki.

Da ya fito idonsa ja, laka har idon sawu. Muka jingina da mota. Ya ce, "Ba korar ki nake ba. Na ga in muka zauna mu biyu a gidan nan muna kallon ƙofar ɗakin can, za mu nutse tare. Ki je ki yi karatunki. Ni ina nan wajenta."

Na riƙe hannunsa a bakin hanya, mutane suna wucewa, ban damu ba.

Litinin, 18 ga Agusta, ƙarfe tara na safe

Na makara. Barci na yi, ba mafarki.

Talata, 26 ga Agusta, bayan azahar

Biza ta fito jiya. Yau Umma ta sauka daga motar Zariya ba sanarwa, da buhu a ka. Kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa an naɗe ta cikin leda biyar, yaji, kilishi. Ta ce an gaya mata mutanen can ba su san miya ba.

Har yanzu ba ta yarda ba, ta faɗa mini sau uku. Amma ita ta zauna a kan akwatin na ja zif. Da muka gama ta shafa kaina kamar ina 'yar shekara bakwai ta ce, "Ubanki ma haka yake, in ya sa kai. Allah ya tsare. Ki dinga rufe ƙirjinki, an ce sanyinsu ba irin namu ba ne."

Asabar, 30 ga Agusta, ƙarfe sha biyu da kwata, filin jirgi

Sun tsaya a inda ake tsayar da masu rakiya. Madam Patricia ta zo da kwalin alli, wai ko can babu. Farouk ya ce in kira shi daga Addis inda zan sauya jirgi, in kira shi in na sauka, in kira shi in zai dafa wake. Ban yi kuka ba sai da na wuce masu duba fasfo.

Ina zaune a ɗakin jira, ta babban gilashi ina ganin jirginmu da duwatsu a bayansa. Wata mata ta zauna kusa da ni, jaka a kafaɗa, jaka a hannu, jaririya a ƙirji tana ta tsala kuka. Ta dube ni, ta dubi ƙofar banɗaki.

"'Yar'uwa, don Allah, minti biyu."

Kafin in buɗe baki ta ɗora mini ita ta tafi.

Na sandare. Wata huɗu ina sauya layi a kasuwa in na hango goyo. Ga ta a hannuna, da zafinta, da warin nono, tana harba ƙafa. Ban san me zan yi ba, sai hannuna ya yi da kansa. Na kwantar da ita a kafaɗa ina bubbuga bayanta, ina faɗa mata sunayen 'ya'yan itatuwa da harshen China, su kaɗai suka zo mini. Kukan ya ragu. Ta kama bakin mayafina ta damƙe. Numfashinta ya daidaita a wuyana.

Uwar ta dawo da gudu tana ba ni haƙuri, ta miƙo hannu. Daidai nan aka kira jirginmu, mutane suka miƙe.

Na ce, "Bar ta, kar ki tashe ta. Ɗauki jakunkunan, mu je."

Da hannu ɗaya nake rubuta wannan a kan layi. Layin yana tafiya.